Malaf ɗin da Na Bari Babu Gyara

Akwai labarin da Gwaggonku Hajara take bayarwa a kaina, na kuma san kun ji shi har kun haddace. Duk taron suna ko na biki, da an fara zancen malaman yanzu da son kai, sai ta gyara zama ta ce ai yayanta Haruna mutum ne da 'yarsa ta cikinsa ta zauna a ajinsa a jami'a shekara guda cur, bai taimaka mata da ko kalma ɗaya ba, har ta maimaita shekara. Mutane su yi ta jinjina kai suna cewa masha Allah, irin wannan gaskiyar ta yi ƙaranci. Ni kuma in sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, in kurɓi shayina. Shekaru na yi ina karɓar wannan yabon. Yau zan mayar da shi, domin ba nawa ba ne. Bashir, Nafisa, ku karanta wannan babin a natse, in kun gama ku aika wa yayarku. Ni ba zan iya aika mata da hannuna ba, za ku ga dalili.

Sai na fara muku da gidanmu, in ba haka ba za ku ɗauka ni mugu ne kawai, alhali abin ya fi haka tsawo. Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar hajji, suka yada zango a Gadarif ta ƙasar Sudan don su yi noman damina ɗaya su ƙara guzuri, ga mu nan har yau. Bakinmu ya cakuɗe da Larabci, tuwonmu ya koma asida, amma akwai abubuwan da suka taho da su ba su taɓa sakinsu ba, kuma kunyar ɗan fari tana ciki. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa a bainar jama'a, ba ya zama su yi hira. Yayarku kuwa abin ya zame mata biyu: ga ta 'yar fari, ga shi sunan mahaifiyata aka sa mata. Tun ranar da aka raɗa mata suna bakina bai taɓa furta shi ba. In ina nemanta sai in ce ina yarinyar nan. In tana gabana, ke. Ku biyu na goya ku a wuya, na kira ku da suna har da na tsokana. Ita ko kanta ban taɓa shafawa ba a gaban mutane, kuma ba wanda ya ga laifina, don haka aka yi mini, ni ma ɗan fari ne.

Abin bai zama cuta ba a lokacin saboda Habboba tana raye. Mahaifiyarku ta rasu Nafisa tana rarrafe, Habboba, wato tsohuwata, ita ta riƙe gidan, ita ce kuma take ɗaukar magana tsakanina da yayarku. Da la'asar in na dawo daga jami'a sai in zauna a rakuba, wannan rumfar karan da ke tsakar gida, Habboba tana kan kujerarta 'yar tsugunno tana soya bunni a kasko za ta haɗa jabana, wato gahawarmu ta can. In na duba littafin makarantar yarinyar na ga abin kirki, sai in kalli kaskon in ce, rubutun nan ba laifi. Nan take tsohuwa za ta ɗaga murya.

"Takwara! Zo ki ji, ubanki ya ce kin fi shi ƙwaƙwalwa!"

"Yumma, ni ban ce haka ba."

"Ka ce mana, da hanci ka faɗa. Ni na haife ka, na san fassararka."

In kuma wani abu ne ban so ba, Habboba nake gaya wa, ita ta san yadda za ta shafa masa mai ta kai. Da haka yayarku ta tashi da ƙa'ida ɗaya da ba wanda ya zauna ya koya mata: in Yaba, wato ni, yana da ƙorafi, zai iso ta bakin Habboba, in ba abin da ya iso, to Yaba ya yarda. Ku riƙe wannan, shi ne gindin labarin. Habboba ta rasu a bazarar da ta gabaci shekarar da nake ba ku labari. Ku kuna makarantar kwana, gidan ya rage daga ni sai yayarku. Takan kawo jabana ta ajiye, ta ce Yaba ga jabana, ta juya. Ni in zauna in sha ni kaɗai, kujerar tsohuwa tana kallona. Mutum biyu a gida ɗaya, muna ƙaunar juna, kuma sai mu kwana uku ba abin da ya haɗa mu sai gaisuwa.

A jami'a kuwa ni wani mutum ne daban. Ilmin ƙasar noma nake koyarwa a kulliyar noma, kuma ɗalibai sun san ni da jan alƙalami. Kalmomina ba su wuce uku ba: sake, bai yi ba, da kuma layi biyu a ƙarƙashin shirme. Takardu sukan koma hannun masu su bayan an gama imtihan, wato jarrabawa, lokacin da gyaran ba zai amfani kowa ba, ni kuma ina ganin na sauke nauyi. Wata rana na tsaya a kasuwa na sayi ta'amiya, ƙosan garin, mai suyar ta ƙunsa mini a takarda. Ina buɗewa sai ga rubutuna da ja, sake, mai ya jiƙe shi. Na cinye ta'amiyata tas, amma ranar na san inda aikina na shekaru yake ƙarewa.

Shi ya sa da Duktura Ihlas ta zo da zancen malaf, wato fayil ɗin ɗalibi, ban yi gardama mai tsawo ba, ko da yake na yi 'yar kaɗan don kada a ce tsoho ya sallama da wuri. Ihlas yarinya ce sa'ar 'ya'yana, sabuwar malama a sashenmu, mai saurin magana da saurin tafiya. Malaf ɗin da ta kawo ba na takarda ba ne, a cikin shabakar jami'a yake, wato intanet ɗinta, kowane ɗalibi da nasa, yana buɗewa da wayarsa. Duk abin da ya yi tun farkon shekara a nan zai zuba: tsarin aikinsa, hotunan gonar gwajinsa, awon da ya ɗauka, tambayar da ta shige masa duhu. A ƙarƙashin kowane abu akwai fili na malami. Malam ya rubuta gyara, ɗalibi ya gyara ya sake sawa, tsohon bai goge ba, sabon yana gefensa, kowanne da ranarsa. Har lokacin da malam ya shiga ya duba, malaf ɗin yana nuna wa ɗalibi. Sharaɗi biyu Ihlas ta gindaya mini.

"Ya Ustaz, na farko, ka fara da sunan ɗalibi, don ya san da shi kake magana, ba da takarda ba. Na biyu, ban da sake. Ka gaya masa abin da ya yi daidai, da abin da ya ɓata, da abin da zai yi gobe."

"Wato in zama mai lallashi bayan tsufa."

"A'a, ka zama malami tun kafin imtihan."

Na ji haushin maganar, don gaskiya ce. Cikin wata biyu na fi kowa a sashen zaƙewa. Wutar lantarki ta ɗauke, shabaka ta yi ta wahalar da mu, ɗalibai su hau tudun bayan kasuwa suna ɗaga waya don hoto ya shiga, duk da haka abin ya yi aiki. Yaron da a da sai in ja masa layi biyu in wuce, yanzu ina ganin yadda tunaninsa yake tafiya mako bayan mako, in tare shi tun bai faɗa rami ba. Na gano ashe ina da magana a bakina. Sai in rubuta wa ɗalibi rabin shafi, har da tsokana. In na dawo gida kuma in zauna shiru a rakuba.

A wannan shekarar yayarku ta kai aji na ƙarshe, kuma darasina ba mai koyar da shi sai ni. Shugaban sashe ya raba gardama: maki wani abokin aikina ne zai ba ta, ni ba ruwana, amma gyaran malaf nawa ne, yadda nake yi wa kowa. Aikin kammalawa a wurinmu gonar gwaji ce, kuma a Gadarif damina ɗaya ce a shekara, ba rafi ba famfo. In ka ɓata shuka, sai baɗi. Ita ta zaɓi ta gwada irin riɗi kala uku, a gonar babana da ke hanyar Doka, wadda ɗan baffana yake nomawa. Wata safiya ana saura makonni ruwa ya sauka, na buɗe malaf ɗinta a ofis. Ta zana taswirar gonar, tsaf, ban taɓa ganin ɗalibi ya yi mai kyanta ba. Ta sa hotuna huɗu na wurin da ta zaɓa, ta rubuta dalilinta: wurin a shimfiɗe yake, yana kusa da hanya, kuma ba mai shuka a cikinsa, ba za ta ƙwace wa kowa kunya ba. A ƙasa ta yi tambaya.

"Ustaz, wurin ya yi?"

Nan take na gane wurin. Kusurwar kudu ce, wadda babana yake kira Kwano. Da rani ba za ka bambanta ta da sauran gonar ba, baƙar laka ce mai tsagewa kamar ko'ina. Amma in ruwan Agusta ya kankama, duk ruwan gonar can yake taruwa ya kwanta, riɗi kuwa ba ya kwana biyu da ƙafarsa cikin ruwa. Dalilin da ya sa ba mai shuka a wurin ke nan. Yarinyar a gari ta tashi, gonar ba ta san ta ba sai da kaka in an je ɗaukar amfani. Ko da ban san Kwano ba, shaidar tana cikin hotonta na uku: ɓawon dodon-koɗi ne farare a warwatse cikin tsagar ƙasa. Inda ka ga wannan, ruwa yana kwana.

Jimla ɗaya ce ake bukata. Na ɗora yatsuna a kan na'ura, sai hannuna ya ƙi. In fara da sunanta, sunan tsohuwata da ba ta shekara a ƙasa ba? In tsallake sunan, Ihlas da mai ba da maki suna ganin komai, za su ga ita kaɗai na yi wa daban. Sai wani tunanin ya biyo baya, wanda ya fi na farko muni. Shekara talatin ina tsare sunana a wurin nan. Na shigo jami'a ana kallona a matsayin ɗan Takari, jikan masu yankan riɗi a gonakin mutane, na rantse ba wanda zai taɓa samun abin faɗa a kaina. Abin da aka rubuta a malaf kuma ba ya gogewa, yana nan da rana da sa'a. Na hango ana cewa a ɗakin shayi, ai Ustaz Haruna shi ya zaɓar wa 'yarsa fili. Na ce wa kaina mai ba da maki zai gani. Na san ƙarya nake yi. Mutumin masanin cututtukan shuka ne, ɗan arewa daga bakin kogi, inda ake ba gona ruwa da awo, bai taɓa ganin baƙar laka ta sha ruwa ta kumbura ba. Na rufe malaf ɗinta na buɗe na gaba.

Na gaban na wani ɗalibi ne, Idris, daga Ƙala'at an-Nahal. Kamar an shirya don a gwada ni, shi ma wuri mai kwanciyar ruwa ya zaɓa a gonar kawunsa. Hannun da ya ƙi motsi ɗazu sai ga shi yana gudu. Na rubuta masa cewa Idris, tsarinka ya yi kyau, amma ka ƙara girman hotonka na biyu ka dubi ɓawon dodon-koɗi, wurin nan tafki ne da damina, ka matsa tudu kafin ka zuba iri. Har da tsokana na ƙara, na ce sai dai in shinkafa yake son nomawa.

Da la'asar ta kawo jabana. Ta ajiye, amma ba ta juya nan da nan ba kamar kullum. Ta riga ta ga na shiga malaf ɗinta da safe.

"Yaba, akwai wani abu?"

Na buɗe baki, sai na tsinci kaina na juya wajen kujerar Habboba, yadda na saba shekara ashirin. Ba kowa a kai.

"Babu," na ce.

Fuskarta ta washe, ta ce to Yaba, ta tafi da sauri har mayafinta yana kaɗawa. Na ga wannan farin cikin, na kuma san abin da ta fahimta. Ba zan ce muku ban sani ba. Ta ɗauka na duba na yarda.

Akwai sauran makonni kafin shuka, kuma kowace safiya sai na buɗe malaf ɗin in kalli tambayar, in ce gobe. Sau ɗaya na yi yunƙuri. Na hau rakisha, keke mai ƙafa uku, na tafi gidan Gwaggonku da niyyar in ba ta saƙo ta kai, ta tsaya a madadin tsohuwa. Ko zama ban gama yi ba ta tare ni.

"Yaya, wallahi ka fita kunyarmu. Ɗan maƙwabciyata yana ajinku, ya ce ko kallon inda yarinyar take ba ka yi. Na ce ai haka gidanmu yake, ba a san mu da son kai ba."

Na sha shayinta, na tambayi lafiyar yara, na dawo da saƙona a aljihu. Yabo ya ɗaure ni, ni kuma na miƙa hannu aka ɗaure.

Ta yi shuka bayan ruwa ya zauna. Riɗin ya fito gwanin sha'awa, layi layi, ta sa hotuna tana murna. Na fara roƙon Allah ya sa daminar ta zo da sauƙi, ni da na san noman mutane yana son ruwa. A tsakiyar Agusta sama ta buɗe. Kwano ya cika, ruwa ya kwanta kwana biyar. Ganyen ya yi ɗorawa, saiwa ta ruɓe, layukan suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Da wata ɗalibar ce, da sai ta yi kuka ta watsar. Yayarku ta riƙa hawa lorin Doka da sassafe, ta sauka ta taka laka har gwiwa, ta auna zurfin ruwan da sanda, ta rubuta wane iri ne ya fara mutuwa, wanne ya fi jurewa, ta sa a malaf. Da yamma ta dawo ta wanke ƙafa a bakin randa, ta kawo mini jabana. Duk na karanta, ba wanda na tsallake. A da nauyin suna da tsoron bakin mutane suka hana ni rubutu, yanzu kuma kunyar abin da na aikata. Filin malami a malaf ɗinta ya kai ƙarshen shekara fari fat.

Kwamiti ya ce gwajin da ba girbi ba shi da sakamako, sai ta sake a damina mai zuwa. Abokan karatunta suka sa riga suka yi hoto, ita tana gida. Ba ta zargi kowa ba, ta ce ƙaddara ce, har tana ba ni haƙuri wai ta ba ni kunya a gaban abokan aikina. Da a nan abin ya tsaya da ƙila na mutu da shi a ciki. Amma Ihlas tana da al'ada, in shekara ta ƙare sai ta buɗe wa ɗalibai malaf ɗin juna don su koya daga gyaran da aka yi wa wasu. Wata la'asar yayarku ta kawo jabana, ta ajiye, ta jawo kujerar Habboba ta zauna a gabana. Ba ta taɓa zama a gabana ba tun da ta yi wayo. Ta miƙo mini wayarta, gyaran da na yi wa Idris ne a buɗe.

"Yaba, dubi ranar. Ranar da ka shiga malaf ɗina ce. Ko sa'a ɗaya babu tsakani."

Na karɓi wayar na duba ranar, sai ta ƙara tambaya.

"Ka ga ɓawon a hotona?"

"Na gani."

"Kullum sai malaf ɗin ya nuna mini ka shiga. Ƙawayena suna cewa me ya sa Ustaz ba ya rubuta miki komai, ni kuma ina yi musu dariya. Na ce Yaba ba ya magana, lakin in ya yi shiru to tamam ne. Haka na sani tun ina ƙarama."

Kun san halina, in aka kama ni da laifi fushi nake fara yi. Na ɗaga murya.

"Ni za ki titsiye a gidana? So kike a ce na fifita ki a kan 'ya'yan mutane?"

"Ban ce ka fifita ni ba, Yaba. Abin da ka ba Idris nake so, bas. Kowa a ajin nan yana da malami. Ni kaɗai ce ba ni da shi, don kai ne ubana."

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta karɓi wayarta ta goge fuskar da bakin mayafi.

"Na karanta na kowa. Ashe kana da hira, har da ban dariya. Kowanne kuma da sunansa ka fara."

Ta jira. Wallahi ta jira, na ji tana jira. Ni kuma na zuba wa finjalin jabana ido har ya huce. Ta tashi ta mayar da kujerar inda take, ta ɗauki faranti ta shiga ciki.

Ta sake gwajin a damina ta gaba, a gonar wasu, a hannun wani malamin, ta fita da sakamako mai kyau. Da ta sami aikin duba riɗi kafin a loda shi a jirgi a Bur Sudan, ba shawarata ta nema ba, labari ta ba ni. Har yau kowace Juma'a bayan an sauko tana kirana. Yaba ya jiki, ya su Gwaggo, an yi ruwa kuwa? Ba ta taɓa rage mini girma ba ko ƙwayar zarra. Amma tun daga ranar nan ba ta sake tambayata ra'ayina a kan komai ba, ko a kan launin labule. Wannan ne kuɗin da na biya, kuma shi ne ya fi ci mini rai, don na san da hannuna na koya mata cewa shiruna ba abin dogara ba ne.

Ba zan ce muku kunya banza ce ba. Kakanninmu ba wawaye ba ne, sun hana uba magana amma sun ajiye masa kaka a tsakar gida mai faɗin abin da ya kasa faɗa. Ni na riƙe rabin al'adar bayan ɗaya rabin ya tafi kabari, na kuma lulluɓe shi da rigar gaskiya don mutane su yaba. Ku gaya wa Gwaggonku ta bar ba da wannan labarin. In ta ƙi, ku karanta mata wannan shafin da ƙarfi, kunnenta ya fara nauyi.

Yanzu na ajiye aiki. Ku ma kun watse, kowa da inda abinci ya kai shi. Garin ya cika da baƙin da yaƙi ya koro, ko'ina hayaniya, amma tsakar gidana in allura ta faɗi sai na ji. Ni nake haɗa jabanata, kullum sai ta ƙone ko ta yi salam. Makon da zan bar ofis na je wurin Ihlas na ce ta buɗe mini malaf ɗin yarinyar nan, akwai abin da zan ƙara. Ta gane, don ba ta tambaye ni wace yarinya ba. Ta buɗe. Komai yana nan, taswirar, hotuna huɗu, tambayar, da farin filin a ƙarƙashinta. Na danna, ya ƙi.

"Ma'alesh, ya Ustaz. Wanda ya kammala, malaf ɗinsa a rufe yake. Ana karantawa, lakin ba a rubutu."

"Ko layi ɗaya?"

"Ko layi ɗaya. Ai kana da lambarta."

"Ina da ita," na ce.

Ina da ita, kuma Juma'a nawa na ɗauki waya da niyya, in ƙare da cewa an yi ruwa, alhamdu lillahi. Bakin nan ya tsufa a haka, ba zai canza ba. Hannu ne Ihlas ta koya wa magana, don haka da hannu zan yi, bisa sharaɗinta biyu. Bashir, Nafisa, daga nan ba da ku nake ba.

Rakiya.

Taswirarki ta fi ta kowa, ban taɓa ganin ɗalibi ya zana gona da irin wannan natsuwar ba. Awon da kika yi a cikin ruwa, kina rubuta mutuwar shukarki kullum ba tare da kin ɓoye komai ba, shi ne aiki mafi kyau da ya ratsa hannuna a shekara talatin, kuma da kwamiti ya tambaye ni da na rasa bakin faɗa, amma haka ne. Kin tambaye ni ko wurin ya yi. Wurin bai yi ba, Rakiya. Ki dubi hotonki na uku, ruwa yana kwana a nan, kakanki Kwano yake ce masa. Ki matsa arewa, wajen aduwar nan, ƙasar can ta fi tudu. Na gani tun ranar farko. Ki yafe wa babanki.